Me ya sa ake fitar da mai babbar murya a gasar waƙa ta talabijin?

Tambaya: Ina bin wata gasar waƙa da ake nunawa a talabijin duk mako. Akwai wata 'yar takara da nake ganin babu kamarta, murya gare ta mai ƙarfi, tana hawa sama inda sauran ba sa iya kaiwa. A makon jiya aka fitar da ita, aka bar wani yaro mai 'yar siririyar murya. Kunnena ne ya yaudare ni, ko maguɗi aka yi? Kuma da me ake auna mawaƙi a irin wannan gasa?

Amsa: Malam, mai yiwuwa kunnenka bai yaudare ka ba, kuma mai yiwuwa babu wanda ya yi maguɗi. Abubuwa uku ne ka haɗa wuri guda. Wanda ya fi kowa murya daban, wanda ya fi kowa rera waƙarsa a daren nan daban, wanda ya fi samun masu ɗaukar waya su jefa masa ƙuri'a kuma daban. Kai na farkon kake aunawa. Alƙalai, idan sun yi aikinsu, na biyun suke dubawa. Sakamakon da ake karantowa a ƙarshen shirin kuwa na ukun ne kawai.

Mu fara da abin da masu kallo ba su cika lura da shi ba: talabijin ba ta isar da ƙarfin murya. A cikin zauren, mai babbar murya tana girgiza mutane, har a ƙirji ake jin ta. Amma kafin sautin ya iso gidanka sai ya bi ta na'urar da ke matse shi, ta danne inda ya yi ƙara, ta ɗaga inda ya yi ƙasa, don kada mai kallo ya riƙa ƙara sauti yana ragewa. Sakamakon haka, raɗar yaron nan da ihun gwanarka suna fitowa daga lasifikar waya kusan da ƙarfi ɗaya. Ita an rage mata abin da ta fi kowa da shi, shi kuma an cike masa giɓinsa. Abin da ke tsira bayan wannan matsi shi ne launin muryar, da fitar kalmomi, da daidaiton amo, wato muryar ta sauka daidai kan matakin sautin da waƙar ke buƙata. Haɗin sautin da alƙalai ke ji a zaure ma ba shi ne wanda ake aikowa gidaje ba, injiniyoyi daban ne ke haɗa su. Shi ya sa wani lokaci za ka ga alƙalai sun miƙe tsaye suna tafi, kai kuma a gida kana mamakin me suka ji.

Riƙon makirufo ma yana cikin wannan lissafi. Gwani yakan kawo ta kamar faɗin yatsu biyu daga bakinsa idan yana rerawa a hankali, domin kusancin yana ƙara wa murya kauri, sannan ya janye ta kamar taƙi ɗaya idan zai buɗe murya. Duk lokacin da nisan ya ninka, sautin da ke shiga yana raguwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Wanda bai saba ba yakan yi akasin haka: ya manna ta a baki wajen ihu har sautin ya fashe, ya kuma sauke hannu a ƙarshen ɗango kalmar ƙarshe ta ɓace. Masu dunƙule kan makirufo a tafin hannu don ado suna toshe ramukan bayanta, muryar ta koma kamar daga cikin kwali take fitowa, wani lokaci har lasifika ta yi ƙarar nan mai tsinka kunne.

Amma inda aka fi faɗuwa shi ne zaɓen waƙa da matakin da aka ɗora ta, abin da makaɗa ke kira ki. Kowace waƙa tana da amonta mafi ƙasa da amonta mafi sama, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta canzawa. Idan ka sauke ki ɗin don saman ya yi maka sauƙi, ƙasan ya ƙara nutsewa. Idan ka ɗaga shi don ƙasan ya fito, saman ya fi ƙarfinka. Manyan waƙoƙin da 'yan takara ke rububi da yawansu suna cin oktab ɗaya da rabi ko fiye (oktab shi ne tazarar da ke tsakanin wani amo da takwaransa na gaba a sama), alhali yankin da yawancin mawaƙa ke da cikakken iko a cikinsa, ba wanda suke iya taɓowa da ƙyar ba, bai wuce haka da yawa ba. To masu babbar murya kusan kullum saman suke kallo. Sai su tsara komai don amon nan guda da za su riƙe a ƙarshe, su bar baitin farko yana can ƙasa inda muryarsu iska ce kawai. A ɗakin atisaye ƙasan yana fita, don jiki a sake yake. A kan dandamali tsoro yana ɗaga maƙogwaro, ya busar da baki, kuma amon ƙasa ne ke fara gudu. Sai ka ji daƙiƙa ashirin ɗin farko kamar gunaguni. Mai kallo kuwa a nan yake yanke hukunci, tun kafin a kai inda ake son burge shi.

Ƙa'idar da masu horar da murya ke bi ita ce a fara gwada amon da ya fi ƙasa. Idan bai fita sarai a tsaye, bayan mutum ya ɗan yi tsalle-tsalle zuciyarsa na bugawa, to a ɗaga ki ɗin da rabin mataki ko mataki guda, sannan a duba ko saman yana nan. Idan ɓangarorin biyu sun ƙi haɗuwa, waƙar ba tasa ba ce, ya haƙura da ita komai son da yake mata.

Akwai kuma gaɓar da murya ke sauyawa daga ta ƙirji zuwa ta ka. Ga yawancin maza tana wajajen amon E zuwa F da ke sama da C ta tsakiyar fiyano. Idan aka yi rashin dabara amshin waƙar ya zauna daidai kan wannan gaɓa, mawaƙin zai yi ta tsallake ta yana dawowa, kuma kowane tsallake dama ce ta karyewar murya. Rabin mataki kacal, sama ko ƙasa, yana iya raba shi da wannan wahala. Idan ka ji ɗan takara ya yi kyau makon jiya ya kuma lalace a wannan makon, kafin ka ce ya yi sanyi, duba inda aka ajiye masa amshi.

Ka kuma tuna cewa waƙar da asalinta minti uku da rabi ce ko huɗu, a gasa ana yanke ta zuwa minti ɗaya da rabi ko biyu. Baiti ɗaya, amshi, sai a yi tsalle zuwa ƙololuwa. Waƙar da daɗinta ke cikin hawa a hankali ba ta jure wannan yanka. Kuma ba kowace waƙa ce ɗan takara ke da damar ɗauka ba, sai wadda masu shirin suka samu izinin amfani da ita daga masu haƙƙinta, ga kuma jigon mako da ake ɗora wa kowa ko ya dace da shi ko bai dace ba.

Sai daidaiton amo. Oktab ɗaya an raba shi gida 12, gida ɗaya shi ne rabin matakin da na ambata, kowane gida kuma masu auna sauti sun raba shi kashi 100. Amon A da ake saita kayan kiɗa da shi yana nufin tantanin murya da ke cikin maƙogwaro na kaɗawa sau 440 a daƙiƙa guda. Kauce wa amo da kashi goma a cikin ɗarin nan, ba kowa ke ji ba. Idan ya kai kashi talatin a kan amon da aka riƙe, har wanda bai san komai a kiɗa ba zai ji wani abu ya dame shi, ko da ba zai iya faɗin mene ne ba. Yadda mutum ya kauce yana nuna dalili. Mai haurawa sama da amo yawanci tsoro ne da turawa da ƙarfi. Mai zamewa ƙasa, musamman a wutsiyar ɗango, numfashi ne ya ƙare ko gajiya. Wanda ya shiga waƙar a karkace tun daga farko ya kuma ci gaba a haka, sau da yawa ba ya jin makaɗa ne.

Wannan na ƙarshen yana da sauƙin ganewa. Idan ka ga mawaƙi ya kai hannu ya cire 'yar na'urar da ke kunnensa, wadda yake jin kiɗan da muryarsa ta cikinta, a tsakiyar waƙa, haɗin sautin da ake aika masa ne ya lalace, ko muryarsa ta yi ƙasa a ciki ko kiɗan ya rufe ta. Da ya cire kuma ya faɗa wata matsalar. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. A zauren da bangon bayansa ke da nisan mita 30, amsa-kuwwar kiɗan tana dawo masa bayan kusan kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. A waƙa mai bugu 120 a minti, wannan kusan sulusin bugu ne. Idan ya bi abin da ke dawowa, sai ya riƙa jan ƙafa a bayan makaɗa. Mutumin da ba ya jin kansa kuma ƙara murya yake yi ba da saninsa ba, sai amon ya haura. Duk wannan ba rashin baiwa ba ne, amma a daren nan shi za a ji.

A nawa ma'aunin, amon sama shi ne abu mafi arha a gasar waƙa. Yana sa zaure ya ɗauki tafi, shi ya sa ake yawan neman sa, amma mawaƙa masu iya kaiwa can suna da yawa. Abin da ke da wuya shi ne rera ɗango a hankali, amon bai girgiza ba, kalmomin sun fita, numfashin ya kai har ƙarshe. Saurari inda gwanarka take shan iska. Gwani yana sha a inda ma'ana ta tsaya. Wanda bai tsara numfashinsa ba yana sha a tsakiyar kalma, ko ya haɗiye gaɓar ƙarshe don ya samu ya shaƙa. Duba kafaɗunta: idan suna ɗagawa duk shaƙa, iskar a saman ƙirji take tsayawa, ba za ta kai ta ko'ina ba. Saurari rawar muryar kuma. Mai lafiya tana kaɗawa sau biyar zuwa bakwai a daƙiƙa, a daidaice. Wadda ta yi faɗi tana lilo alamar gajiya ce ko turawa, wadda ta yi sauri kamar karkarwa kuma maƙogwaro ne a ɗaure.

Lanƙwasa murya, wato jan gaɓa ɗaya a bi da ita ta amo biyar ko goma, nan ne masu baiwa suka fi cutar kansu. Idan kowane amo a cikin lanƙwasar ya fito daban, an kuma sauka daidai kan bugu, gwaninta ce. Idan zamiya ce kawai daga sama zuwa ƙasa, ɓoye rashin tabbas ne. Ko mai kyau ce, idan aka sa ta a kowane ɗango, karin waƙar ya ɓace, mai sauraro ya rasa abin da zai riƙe. Gishiri ce, kaɗan ake so.

Yanzu ga yaron da ka raina. Yi wannan gwajin: da za a sa muryarsa a rediyo ba tare da an faɗi suna ba, za ka gane shi cikin daƙiƙa biyar? Ita fa? Masu manyan muryoyi da yawa sun koyi waƙa ne ta kwaikwayon fitattu, har muryarsu ta zama hoton ta wani. Da ta ɗauki waƙar wata shahararriya ta rera ta yadda mai ita ta yi, ta jawo a gwada ta da asalin, kuma asalin an ɗauke shi ne a situdiyo, an maimaita, an zaɓi mafi kyau. Mai ƙaramar murya ya san ba zai iya wannan ba, sai ya rage gudun waƙar, ya sauya kiɗan, ya mai da ita tasa, babu wanda za a gwada shi da shi. Ga kyamara kuma. Tana matsowa har fuska, ta nuna wanda ke tunanin ma'anar abin da yake faɗa da wanda ke lissafin amon da ke tafe. Mai rufe ido tun daga farko har ƙarshe ya yanke hulɗa da mutanen da ke riƙe da ƙuri'arsa.

Ƙuri'ar kanta tana da halinta. A yawancin waɗannan gasa ana zaɓen wanda ake so ya tsaya ne, ba wanda ake so ya tafi ba. Don haka ɗan takarar da mutum biyu cikin goma ke mutuwar so, sauran takwas ba sa ƙaunar ganinsa, ya fi tsira a kan wanda kowa ke yabawa amma shi ne na biyu a zuciyar kowa. Inda aka yarda mutum ɗaya ya jefa ƙuri'a da yawa, zafin masoya ya fi yawansu amfani. Yabon alƙalai ma yana kashewa: da an ce wance ta wuce kowa, masoyanta su miƙe ƙafa, su kuwa masoyan wanda aka caccaka su tashi haiƙan. Sannan idan masu salo iri ɗaya suka yi yawa, sai su raba masu zaɓe. Misalin da aka fi sani ya faru a American Idol a 2004, daren da mata uku masu manyan muryoyi, Fantasia Barrino da LaToya London da Jennifer Hudson, suka kasance su ne ukun da suka fi ƙarancin ƙuri'a. Hudson aka fitar, ta ƙare a ta bakwai. Fantasia ta ci gasar, ita kuma Hudson ta karɓi kyautar Oscar ta fina-finai a 2007. A 2009 shirin ya shigo da damar da alƙalai za su ceci ɗan takara sau ɗaya a zango, saboda irin wannan fitar ba-zata.

Jerin fitowa ma yana tasiri. Lionel Page da Katie Page sun bi sakamakon gasannin Idol na ƙasashe da dama, suka wallafa a 2010 cewa waɗanda ke fitowa a ƙarshen shiri sun fi tsira, kuma wanda ya biyo bayan gwani yana amfana da hakan a maimakon ya cutu. Masu shirin ne ke tsara wannan jeri. Su ne kuma ke tantance dubban masu nema kafin kowa ya tsaya gaban alƙalan da kake gani, su zaɓi wanda za a nuna tarihinsa na minti uku da wanda za a wuce shi a daƙiƙa goma. A nan hannunsu yake, kuma ba sa buƙatar taɓa ƙuri'a ko ɗaya.

Ba wai maguɗi ba ya faruwa ba. A 2008 hukumar Ofcom mai sa ido kan kafofin yaɗa labarai a Birtaniya ta ci tashar ITV tarar fam miliyan 5.675 saboda wasa da ƙuri'un masu kira a wasu shirye-shiryenta. A 2019 tashar Channel One ta Rasha ta soke sakamakon gasar The Voice ta yara bayan bincike ya gano an yi amfani da na'ura wajen turo ƙuri'u. A 2010 masu shirya X Factor na Birtaniya sun amsa cewa an gyara muryoyin wasu da na'ura a zagayen tantancewa da aka naɗa kafin a nuna. Darasin wannan na ƙarshen ga mai kallo shi ne kada ya gina ra'ayinsa a kan zagayen da aka naɗa aka tace, ya jira na kai tsaye. Amma fitar gwana ɗaya ba hujjar maguɗi ba ce. Hujja ita ce alƙaluman da ba su haɗu ba, ko shirin da ya ƙi bari wani kamfani mai zaman kansa ya tantance ƙidayar.

Cin gasar ma ba shi ke nuna wanda zai daɗe ba. Ƙungiyar mawaƙa ta One Direction na uku suka zo a X Factor a 2010. Adam Lambert na biyu ya zo a American Idol a 2009, daga baya ya zama mai rera wa ƙungiyar Queen. A Idols West Africa ta 2007 Timi Dakolo ya ci, Omawumi ta zo ta biyu, dukansu kuma suka yi suna. Gasa tana gwada iya rera waƙar wani a minti biyu. Kasuwa tana tambayar wace waƙa ce taka.

Idan kana son ka san gaskiyar daren da aka fitar da ita, nemo bidiyon ka bi shi sau uku. Na farko sa abin ji a kunne, ka kifa wayar, kada ka kalli komai. So hana ganin laifi ne, kuma ido ne ke ciyar da shi. Kula da daƙiƙa ashirin ɗin farko da kalmar ƙarshe ta kowane ɗango, ka gwada rubuta baitin daga abin da ka ji kawai. Duk inda ka bar giɓi, kalmar ba ta fita ba. Na biyu kashe sautin gaba ɗaya ka kalli jiki: kafaɗa, jijiyar wuya, haɓar da ke miƙewa sama wajen amon sama, hannun da ke zuwa kunne. Na uku buga yatsa a kan tebur tare da ganga, ka ji ko tana kan bugu, ko tana gaba, ko tana baya. Ka yi wa yaron haka shi ma, da irin wannan tsanani. Manhajar auna amo ta waya ba za ta taimaka sosai ba, kiɗan da ke bayan muryar yana ruɗa ta.

Daga nan koma baya mako uku ka saurare ta a jere. Masu rera waƙa da ƙarfi su ne gasa mai tsawo ta fi gajiyarwa, domin ga atisaye kullum, ga hira da 'yan jarida, ga ƙarancin barci. Tantanin murya idan ya kumbura, abin da ke fara tafiya shi ne amon sama mai laushi, ba mai ƙarfi ba. Za ka ji har yanzu tana iya ihu, amma ta daina iya yin sama a hankali, amon yana jinkirin kamawa, iska na riga shi fita, muryar maganarta a hirar bayan waƙa kuma ta dushe ta yi ƙasa. Idan ka ji waɗannan, muryar ta gaji tun kafin masu ƙuri'a su juya mata baya, kuma abin da take buƙata shi ne hutun murya da ruwa, idan dushewar ta wuce mako biyu zuwa uku kuma likitan maƙogwaro ya leƙa da na'ura. Idan ba ka ji su ba, kuma ta tsallake gwajin nan uku, to duba ta nawa ta fito a daren, da kuma mutum nawa ne masu irin salonta suka rage a gasar.